Bangon Aji Shida

Zuwa ga Autan Gwaggo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da jaririyar da har yau ba ku kawo mana ita mun gani ba. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Gwaggo tana fama da ƙafarta, amma bakinta garau yake. Jiya ma ta ce wai tun da ɗanta ya samu kujera a ofishin ilimi na gunduma ya manta hanyar gida. Na ce mata kujerar taka ta mai buga takardu ce, ba ta darakta ba. Ta ce ai duk kujera ce.

To, ba tsiya na zo yi maka ba, roƙo na zo yi. Na san zumuncinmu da ɗan nisa, kakata da kakanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, amma a hannuna ka koyi riƙe fensir, don haka ba zan ji nauyinka ba.

Ka san ginin baya na makarantarmu, inda aji shida yake. Bangon bayansa ya tsage tun daga saman taga har ƙasa. Bara yatsa nake sawa a tsagar, bana hannuna yana shiga har wuyan hannu. Da yamma rana tana ratsowa ta ciki ta sauka a kan allo. Kuma a kan wannan bangon katakon rufin ya zauna. Birkilan unguwarmu ya duba, ya ce ba zai ga ƙarshen damina ba.

Na rubuta wa ofishinku har na gaji, amsar ba ta wuce babu kuɗi. Ban ce ƙarya kuke yi ba. Alli ma mu malamai muke saya. Bencina sun kakkarye, yawancin yaran a kan buhu suke zama. Duk wannan mun saba. Bangon ne ya hana ni sukuni. Idan na fitar da 'yan aji shida, ba ni da ɗakin da zan zuba su, kowane aji a cike yake maƙil. Makarantar da ta fi kusa tana hayin babban titi, inda manyan motoci suke gudu, kuma iyaye sun ce 'ya'yansu ba za su tsallaka ba. Ga shi bana za su yi jarrabawar shiga sakandare.

Don Allah ka buɗe kunnenka a ofis. Idan akwai wata ƙofa, komai ƙanƙantarta, ka nuna mini ita. Tsoro nake ji, Auta, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa haka sai kai.

Yayarka, shugabar makarantar da ta kusa faɗuwa.

*

Zuwa ga Yaya Malama,

Na gaishe ki da kyau. Muna lafiya, jaririya ta fara zama, kuma duk wanda ya gan ta sai ya ce hancin Gwaggo ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri. Ki ce wa Gwaggo ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi.

Yaya, da kin ga ofishin nan da kin tausaya mana. Fanka ta mutu tun bara. Takarda gaba da baya muke buga ta. Motar ofis tana kan duwatsu a bayan gini, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. An sake rage kason gundumarmu, abin da ya iso na gyaran gine-gine ba zai wuce makarantu biyu ba, alhali kusan kowace makaranta tana kuka.

Amma ga ƙofar da kika ce. An kafa kwamiti, da injiniya a ciki, za su zagaya su ga makarantu da idonsu kafin a zaɓi biyun. Da farko taku ba ta cikin waɗanda za a je. Na bi sakatare kamar kare da ubangidansa har ya gaji da ganina, ya ce in ƙara ta a ƙasa. Za su iso wajenku cikin makon da ke bin mai zuwa. Ban san yadda za su yi zaɓen ba tukuna, idan na ji zan rubuto.

Kada ki ce ni na faɗa miki, kujerata ba ta da ƙafa huɗu.

Ƙaninki, Auta.

*

Zuwa ga Autan Gwaggo,

Allah ya yi maka albarka, ya raya jaririya. Muna lafiya, ƙafar Gwaggo da sauƙi. Ban faɗi sunanka ga kowa ba, cewa kawai na yi za mu yi manyan baƙi.

Kai, da ka ga unguwar nan kwanakin nan. Ka san halinmu, ko baƙon wuni ɗaya za a yi sai an share har ƙarƙashin gado, a ɓoye tabarmar da ta yage, a aro kujera a maƙwabta. Balle baƙi daga ofis. Kuma ban manta abin da ya samu shugaban da na gada ba, da masu duba makarantu suka tarar da haraba kaca-kaca suka rubuta cewa ba ya kula da dukiyar gwamnati. Na ce a raina, wa zai zuba kuɗi a hannun wanda bai iya riƙe abin da aka ba shi ba? Gara su ga mu masu ƙoƙari ne, taimako kaɗan muke jira.

Iyaye mata sun zo da tsintsiyoyi da bokitai, sun wanke azuzuwa tas. Maza sun hau sun daddanna silin da ya zazzago. An yi karo-karo an sayo siminti da farar ƙasa. Birkila ya cike tsagar aji shida ya shafe ta sumul, yana yi yana ƙunƙuni.

"Malama, wannan fa kwalliya ce kawai. Bangon yana nan yadda yake."

Na ce na sani, zan yi musu bayani da bakina. Muka ja kabad ɗin littattafai muka jingina a wurin, don sabon shafen ya fi sauran bangon haske.

Tela, wadda take koya wa 'yan mata ɗinki a ƙarshen layinmu, ta ara mana bencinan shagonta. Ɗakin shan magani ma sun ba mu na masu jira. Duk da haka ba su isa ba, kuma a nan na yi abin da ya tsaya mini a rai. Na ce yaran da ba su da rigar makaranta mai kyau su huta a gida ranar, don kowa ya samu wurin zama. Wata yarinya da take zama a layin ƙarshe, muna kiranta Tsigi saboda ƙanƙantarta, ta tambaye ni ko laifi ta yi. Na ce ba ta yi ba. Ta tsaya tana kallon rigarta.

Ba komai, wuni ɗaya ne. Idan aka gyara ginin ai ita za ta ci moriyarsa. Ka taya mu da addu'a.

Yayarka.

*

Yaya Malama,

A gaggauce nake rubutu, ki yafe gajeriyar gaisuwa. Muna lafiya, ina fata ku ma haka. Ban ga amsarki ba tukuna, ban san ko tana hanya ba. Wannan direban motar kasuwa zan ba, ya ce gobe zai bi ta wajenku.

Yau aka ba ni takardar da kwamiti za su yi aiki da ita in buga. Yaya, lalacewa suke nema. Makarantar da ta fi muni ita za a ba. Za su duba tsagewar bango, da yoyon rufi, da yawan yaran da suke zaune a ƙasa, kuma abin da idonsu ya gani a ranar kawai za su rubuta.

Don girman Allah kada ku taɓa komai. Kada a share, kada a shafa farar ƙasa, kada a ari benci. Ki tara duk yaran, har waɗanda suka yi fashi, su zauna a kan buhunansu. Ki kama hannun injiniya ki sa shi a cikin tsagar nan. Na san halinku da baƙi, shi ya sa nake roƙonki. Wannan karon ku bar asirinku a buɗe.

Auta.

*

Auta,

Muna lafiya a jiki. Wasiƙarka ta iso washegarin ranar da kwamiti suka tafi. Direban ya ce ta faɗa bayan kujera, sai da ya zo wankin mota ya gan ta. Ya ba ni haƙuri, na ce ba komai. A tsaye na karanta ta a bakin ofis, sai da na nemi wuri na zauna.

Bari in faɗa maka yadda aka yi. Sun zo da hantsi, su uku. Haraba fes, yara a jere, kowa a kan benci. Shugabar kwamitin ta tsaya a tsakiyar fili tana juyawa.

"Malama, da duk shugabannin makarantu irinki ne da mun huta," in ji ta. "Kin san abin da muka gani a sauran wurare kuwa? Awaki a cikin aji."

Na yi murmushi, wallahi har daɗi na ji. Da muka shiga aji shida na ce musu bangon nan ya tsage, mun ɗan rufe ne. Injiniya ya leƙa bayan kabad, ya ƙwanƙwasa shafen da ɗan yatsa.

"Ai kun riga kun gyara. Wannan ginin da sauransa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsagar tana da zurfi."

"Duk ginin da ya tsufa yana tsagewa, Malama. Ku da kuke da iyaye masu himma haka, ai kun fi ƙarfin irin wannan."

Ya duba agogo, akwai sauran makarantu a gabansu. Auta, da na so, da na ɗauki guduma na fasa shafen a gabansu. Amma iyayen da suka yi aikin suna tsaye a bakin taga suna washe baki saboda yabon da ake yi musu, ga birkila a cikinsu. Na raka baƙi har mota, ina yi musu godiya.

Yanzu ka faɗa mini, ana iya gyara wannan? Rahoton ai ta hannunka zai bi. Ka yi wa sakatare bayani, ko ka nema mini ganin darakta. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, ko da yake bai zubar ba tukuna. Ka amsa mini da wuri.

Yayarka.

*

Auta,

Gwaggo tana gaishe ka, ni ma haka. Wata ya kusa cika ban ji daga gare ka ba. Na sa an tambayi direban, ya rantse ba ka ba shi komai ba.

Amma ofishinku bai manta da ni ba. An aiko mini da takardar yabo a cikin gilashi, wai makarantarmu ce ta fi kowace tsafta da kula da kaya a gunduma. Iyaye sun dage sai an rataye ta a aji shida, tunda nan aka fi shan wahala. Tana can a jikin bangon, kusa da kabad.

Idan kunyata kake ji a gaban abokan aikinka, ka faɗa. Na san ka sa wuyanka saboda ni, ni kuma na yi wauta. Amma shiru ba amsa ba ce. Kowace safiya nake shigar da yaran mutane ƙarƙashin wannan rufin, kuma duk lokacin da iska ta kaɗa sai in juya in dubi bangon. Ko zagi ne ka rubuto.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya Malama,

Na gaishe ki, na gaida Gwaggo. Jaririya ta yi zazzaɓin haƙori, amma ta warware. Yaya, ba kunyarki nake ji ba, kunyar kaina nake ji. Da hannuna na buga rahoton. Na buga cewa gininku lafiyayye ne, yara suna da wurin zama isasshe. Na ɗauki biro sau da yawa don in rubuto miki, sai in rasa ta inda zan fara.

An ba wasu makarantu biyu kuɗin, har an fara kai musu yashi. Na samu darakta a bakin ƙofarsa na faɗa masa gaskiyar bangon. Ya dube ni ya ce, "Idan rahoton ƙarya ne, to wa ya shirya ƙaryar?"

Ga yadda abin yake. Tunda takarda ta ce ginin lafiya yake, ba ki da ikon rufe shi, kuma ba ki da ikon kai yara karatu wajen harabar makaranta. Injiniya ba zai koma ba sai idan shugabar makaranta ta rubuta da hannunta cewa abin da kwamiti ya gani shiri ne, an rufe tsaga, an aro benci, an tsare yara a gida. Idan kika rubuta haka, a wajensu kin yaudari kwamiti. Sakatare ya ce mafi sauƙin hukuncin shi ne a sauke ki daga shugabanci, kuma abin zai taɓa fanshonki.

Yaya, shekarun aikinki kaɗan suka rage. Ke kike riƙe da Gwaggo tun da na bar gida, ba ni da bakin da zan ce ki jefar da abin da kika tara. Shawarata ki yi shiru, ki matsar da yaran gaba kusa da allo, mu yi ta addu'a. Wataƙila bangon ya kai baɗi. Na san shawarar matsoraci ce, amma ita nake da ita.

Ƙaninki, Auta.

*

Zuwa ga Autan Gwaggo,

Allah ya ƙara wa jaririya lafiya. Na yafe maka shirunka, kai ma ka yafe mini zafin bakina.

Na bi shawararka kwana biyu. Na matsar da yara gaba, amma ɗakin bai ishe su ba, dole wasu su kai bango. Shekaranjiya aka yi iska mai ƙarfi ana tsakiyar darasi. Na ga wani siririn layi ya fito a jikin farar ƙasar, daidai inda tsohuwar tsagar take. Yashi ya riƙa zubowa a kan littafin Tsigi. Ba ta ɗaga kai ba, ta sa hannu ta kakkaɓe ta ci gaba da rubutu. Ya sake zubowa, ta sake kakkaɓewa. Ta saba ne, Auta. Abin da ya karya mini zuciya ke nan.

Jiya na tara iyaye na faɗa musu komai. Wasu sun yi fushi, wani ya ce ashe simintinsu ne ya cuce su. Na ce ba simintinsu ba ne, ni na ce a shafa. Birkila ya je gida ya ɗauko guduma da kurfi ya farfasa aikin da ya yi da hannunsa. Tsagar ta ƙara faɗi, yanzu ana hango bishiyar da ke bayan ginin. Mun mayar da bencinan aro. Tela ta ce idan ofis ya yarda, 'yan aji shida su riƙa zama a shagonta da safe, 'yan matanta su koma yamma.

Ga takarda zuwa ga darakta nan a cikin ambulan ɗin. Na rubuta komai, ban ambaci sunanka ba. Kai nake so ka miƙa masa hannu da hannu, kada ta faɗa bayan kujerar kowa. Kada ka tsaya tausayina ka riƙe ta. Idan ka riƙe ta, ba ni ba kai.

Yayarka.

*

Yaya Malama,

Muna lafiya. Na miƙa. Na yi ta zagaye ƙofarsa da ita a aljihu tun safe, sai dab da tashi na shiga.

Injiniya zai zo cikin makon nan. Darakta ya ce idan ya tabbatar, za a rufe ginin, a ba da izinin shagon Tela, a sa makarantarku a gaba cikin kason baɗi, idan an samu kason. Kuɗin bana kam sun tafi.

Akwai wata takarda da za ta iso miki daga ofis. Ni aka ba in buga. An sauke ki, kin koma malamar aji, malamin lissafinku zai riƙe makarantar. Na so ki fara ji daga bakina. Sau uku ina ɓata takardar, har sakatare ya yi mini faɗa a kan asarar takarda.

Ki yafe mini, Yaya.

Auta.

*

Zuwa ga Autan Gwaggo,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Gwaggo ta ce in gaya maka damina ta tayar mata da ƙafa, kuma har yanzu tana jiran jikarta. Takardarka ta zo, ta ofis ma ta zo. Ka buga ta da kyau, babu kuskure ko ɗaya, ashe murɗe kunnen da na yi maka bai tafi a banza ba. Babu abin yafewa. Na miƙa makullai, sabon shugaba ya tambaye ni ajin da nake so, na ce aji shida.

Injiniya ya zo, ya sa hannu a tsagar har gwiwar hannu. Shi da kansa ya sa kwaɗo a ƙofar. Tun daga ranar muke shagon Tela, tsakanin kekunan ɗinki, allonmu a jingine a kan teburin yanka.

Ranar Talata aka wayi gari da ruwa, bai tsaya ba. Da hantsi muna cikin darasin lissafi muka ji ƙara daga wajen makaranta, har ƙasa ta girgiza a ƙarƙashinmu. Wani ya wuce a guje yana cewa ginin baya ya faɗi. Bangon ya kwanta ciki, rufin ya bi shi, daidai inda layukan baya suke zama. Kabad ya niƙe. Takardar yabon tana ƙarƙashin ƙasa, ban sa a tono ta ba.

Na san na fitar da su, na san ƙofar a kulle take, amma jikina bai yarda ba. Na tsaya a gaban allo na fara kiran suna. Kowa yana amsawa. Na kira Tsigi, shiru. Na sake kira, shiru. Auta, ban san lokacin da allin ya faɗi daga hannuna ba. Sai ga 'yar murya daga ƙarƙashin teburin yanka.

"Ga ni, Malama. Ƙarar ce ta ba ni tsoro."

Na zauna a ƙasa a gaban yara na yi kuka, ban ɓoye fuskata ba. Iyaye suka yi ta shigowa a jiƙe, kowa yana laluben nasa. Ba wanda ya rasa.

Ban san ko za a samu kason baɗi ba. Ban san yadda fanshon zai kasance ba, kuma Tela ba za ta iya ba mu shagonta har abada ba. Jarrabawa ta matso, shagon yana yoyo ta kusurwa ɗaya, mun tara bokiti. Duk wanda ya zo daga ofishinku zai tarar da bokitin a inda yake.

Idan akwai ragowar alli a wajenku ka aiko mana, amma ba ta hannun direban nan ba.

Yayarka, malamar aji shida.